Ƙarfe Huɗu a Brandon

Ƙarfe huɗu na asuba a Brandon,
sanyin da ke daskarar da numfashi a gashin ido.
Na ajiye kofina a kan matakalar mota,
na kunna tocila, na fara daga hagu.
Kullum daga hagu, yadda Wendell ya koya mini
shekara goma sha tara baya,
kafin ciwon ƙirji ya sauke shi daga kujera.

Ya ce: Marlys, mota ba ta ƙarya,
sai dai ba ta ɗaga murya.
Ki tambaye ta tana tsaye, za ta faɗa miki.
Wanda ya ƙi tambaya, a guje zai ji amsa.

Baƙin mai yana kan layi. Bel bai tsage ba.
Ƙarƙashin inji babu ɗigo a kan ƙanƙara.
Tayoyi ashirin da biyu,
ina bi ina gaishe su da guduma:
mai iska ta amsa da ƙarfi, guduma ta dawo hannuna,
wadda ta sace sai ta yi nishi kamar buhun alkama.
Na taka birki, na riƙe,
idona a kan allura, ina ƙirga minti guda,
kunnena yana neman tsakin iska a cikin duhu.

Motar nan mu biyu ke da ita,
ni da rana, shi da dare.
Ban taɓa ganin fuskarsa ba.
Na san sunansa, Balkar Grewal, a ƙasan takarda,
na san ƙamshin citta da yake bari a ciki,
na san dogo ne, don kullum sai na jawo kujera
kafin ƙafata ta kai feda.

Yau ya rubuta da biro mai shirin ƙarewa:
Tayar baya, dama. Tsatsa ta ja zare daga noti.
Na yi alama da alli. Kar a tashi sai makanike ya gani.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba.
Kaya na jira a Regina, ofis na ta kira,
a kan zaren tsatsa da bai kai tsawon yatsa ba.
Na durƙusa. Na cire safar hannu.
Noti biyu suka juya a yatsuna
kamar murfin kwalba.

Na zauna a ƙanƙarar nan, gwiwata ta yi sanyi
ba don sanyin gari ba.
Tayar da ta kwance ba ta zaɓen wanda za ta samu.
Ƙarfe bakwai da rabi nake wuce mahaɗar nan
inda motar makaranta ke tsayawa,
yara uku da hulunan ulu.

Awa biyu na jira makanike.
Ofis ya yi ta mita. Na bar shi ya yi.

Da yamma na dawo, baya ya ƙage, ido ya yi yaji,
miya na jira a gida, karena na jira a taga.
Biro ya ce: ja layi, rubuta lafiya lau, ki tafi.
Na ɗauki tocila. Na fara daga hagu.
Fitila ɗaya ta mutu a wutsiyar tirela.
Tiyon iska yana gugar ƙarfe, ya fara sheƙi.
Na rubuta duka biyun, baƙi manya,
don mai karatu cikin dare.

A ƙasan sa hannuna na so in ƙara magana,
takardar ba ta da gurbin godiya.
Sai na bar masa sabon biro a kan sitiyari,
na tura kujera baya, har ƙarshe,
na kashe fitila.